Me ya sa malama take gyara mini "parlano"?

Tambaya: Malam, ina aiki a wata masana'antar ƙarfe kusa da Brescia, da yamma kuma ina zuwa ajin Italiyanci na CPIA, makarantar manya ta gwamnati, saboda jarrabawar harshe ta matakin A2 da ake nema kafin a ba mutum takardar zama ta dogon lokaci. Duk sanda na ce parLAno, sai malama ta ce PARlano (manyan haruffa na nuna inda nauyin murya yake sauka). Ga shi kuwa parLAre ake cewa. Ina ƙa'idar take?
Ɗan'uwanku a Lombardiya

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya ba da sa'ar jarrabawa. Malamarka tana da gaskiya. Yawancin kalmomin Italiyanci nauyin murya yana sauka ne a gaɓar kusa da ta ƙarshe, shi ya sa harshenka ya saba da parLAre, parLIAmo, parLAte. Amma idan za ka ce "suna magana", nauyin ba ya barin inda yake a "yana magana". Faɗi PARla tukuna, sannan ka ɗora no a hankali: PAR-la-no. Irin wannan kalma suna kiranta sdrucciola.

Wani lokaci abin yakan ja baya har gaɓa ta huɗu daga ƙarshe: Abita ya zama A-bi-ta-no, teLEfona ya zama te-LE-fo-na-no. Farkon ji kamar kalmar za ta kife, amma haka ake faɗa. A sauran rukunonin aikatau, masu ƙarewa da -ere da -ire, wasalin ne kawai ke canjawa, nauyin na nan: PRENde, PRENdono; caPIsce, caPIscono.

Kada ka ɗauki wannan ado ne. Dubi baƙaƙe da wasula iri ɗaya: CApito na nufin nakan faɗo wuri bisa tsautsayi, caPIto an gane, capiTÒ kuma abu ya auku a da. Rubutu yana sa alamar nauyi ne idan ya sauka a gaɓar ƙarshe, kamar parlò da parlerò. Sauran sai kunne da ƙamus. Ni dai shawarata, duk aikatau mai ƙarewa da -ere da ka koya, ka ja layi ƙarƙashin gaɓar nauyinsa tun ranar farko, domin veDEre da SCRIvere ba su bin hanya ɗaya.

Wajen raba gaɓa kuwa Bahaushe ya fi mutane da yawa sa'a. Mu da muke cewa han-nu da sal-la, baƙi mai ninki ba baƙonmu ba ne. Italiyanci ma tsaga shi yake yi biyu: met-to, leg-go. Riƙe shi da kyau, don parleremo "za mu yi magana" ne, parleremmo kuwa "da mun yi magana". Wurin da za ka kiyaye shi ne s da wani baƙi daban ke biye da ita, tana bin gaɓar gaba: ca-pi-sco, a-scol-to, ba ca-pis-co ba.