Amsa ga yarona a kan manhajar da zai haɗa katun ɗinsa da ita

Yarona, ka tambaye ni wace manhajar haɗa bidiyo ce ta dace da kai, tun da ka fara zanen katun don sha'awa kana yi duk lokacin da ka samu sarari, kuma ka rasa ko ka tsaya ga ta kyauta ko ka shiga sahun masu biya wata-wata. Ka ce fargabarka ita ce kada aikinka ya fito da alamar ɗan koyo don ka ƙi kashe kuɗi. Amsata ita ce ka fara da ta kyauta, ka zauna a kanta har ranar da aikin da kansa zai nuna maka abin da ta gaza, kuma ina so ka san dalilin, kada ka ɗauka tausayin aljihunka kaɗai ya sa na faɗi haka.

Mai haɗa fim ɗin da aka ɗauka da kyamara yana zama ne a gaban sa'o'i masu yawa na ɗauka, yana tsintar mai kyau yana zubar da saura, yana gyaran haske da launi, yana kwantar da hoton da ya girgiza, yana daidaita kyamara biyu ko uku a kan murya ɗaya. Mafi yawan kayan aikin da ake sayar da manyan manhajoji dominsu, saboda wannan wahalar aka ƙera su. Kai kuwa ba ka da rarar da za ka zubar. Daƙiƙa ɗaya ta katun tana cin firam 24, wato hotuna tsayayyu 24 da ake nunawa a jere, minti ɗaya ke nan firam 1,440, kuma ko ka bi hanyar da yawancin masu zane suke bi ta barin kowane zane ya tsaya firam biyu, sai ka zana 720 kafin ka cika minti guda. Babu mai hankalin da zai zana wannan sannan ya yanke shi ya yar. Saboda haka aikin da ya rage wa manhajar haɗawa a wurinka kaɗan ne: ta jera fitowa bayan fitowa, wato guntayen labarin ɗaya bayan ɗaya, ta ɗora murya da kiɗa a daidai gurbinsu, ta ba ka damar ƙara ko rage tsayuwar zane, sannan ta fitar da fim ɗin lafiya.

Inda za ka fi morarta ma shi ne tun kafin ka fara zane na gaskiya. Ka zayyana labarin a gurguje, hoto ɗaya ga kowace fitowa, ka ɗauki muryoyin ko da da bakinka ne, ka jera su a manhajar, ka kalla daga farko har ƙarshe. A nan ne za ka ga fitowar da ta yi tsawo da wadda ta wuce kafin ido ya kama ta, a nan ne kuma yankewa ba ta da zafi, domin abin da ka jefar zayyanar minti biyar ce. Na sha ganin masu koyo sun tsallake wannan mataki don ɗokin ganin zanensu yana motsi, daga baya su tarar sun kashe mako uku a kan fitowar da labarin bai buƙace ta ba. Wannan aiki, wanda shi ne zuciyar haɗa katun, babu wata manhajar kyauta mai mutunci da za ta kasa yi maka shi.

Abin da ya kamata ka gwada kowace manhaja da shi, kafin ka dubi sunanta, shi ne yadda take karɓar jerin hotuna. Kada ka saba da fitar da zanenka a matsayin bidiyo kai tsaye. Ka fitar da shi firam-firam, kowane firam hoton PNG mai lambarsa, a cikin jakar da ka ware wa wannan fitowar. Ni kaina na koyi wannan da asara: na taɓa barin kwamfuta ta kwana tana fitar da fitowa guda a matsayin bidiyo, ta tsaya saura kaɗan ta gama, fayil ɗin ya ƙi buɗuwa, dole na koma daga farko. Da jerin hotuna ne, da daga inda ta tsaya zan ci gaba. Akwai kuma wata fa'ida: in ka ga kuskure a firam goma, waɗannan goman kaɗai za ka sake. Hoton PNG kuma ba ya rasa inganci, yana iya ɗaukar mutum ko dabba ba tare da bango ba, ta yadda za ka ɗora shi a kan duk bangon da ka so. Bidiyon da aka matse don rage girman fayil, irin na tsarin H.264, yana rage bayanan launi, shi ya sa siririn jan layi yake fitowa da hazo a gefensa, sararin samaniyar da ka shafa a hankali kuma ya riƙa nuna zobe-zobe. Matsewa sau ɗaya ake yin ta, a ƙarshen aiki. Manhajar da ta ɗauki jerin hotunanka ta mayar da su guntu ɗaya, ta kuma bar ka ka matsa firam ɗaya gaba ko baya, ta ci jarrabawar.

Ka kuma kula da adadin firam tun ranar farko. In ka zana a kan 24, ka saita aikin a kan 24 kafin ka shigar da komai, domin in ka zuba shi a aikin da aka saita a kan 30, manhajar za ta riƙa maimaita wasu firam don cike giɓi, motsin da ka sha wahalar daidaitawa ya koma yana ɗingishi.

A cikin na kyautar, Blender nake fara ambata wa mai katun. Tun 2002 aka sake ta ga kowa bayan masu amfani da ita sun yi karo-karo, gidauniyarta tana Amsterdam a ƙasar Holan, kuma lasisinta bai ba kowa haƙƙi a kan abin da ka ƙirƙira da ita ba, kana iya sayar da shi in ka so. Tana yin katun mai siffar jiki, wato 3D, tana da Grease Pencil na zanen hannu wanda ya ƙarfafa sosai tun fitowar 2.80 a 2019, tana kuma da sashen jera bidiyo a cikinta. Wannan sashen bai kai na manhajojin da aka gina don haɗawa kaɗai sauƙi ba, amma ga gajeren fim ya wadatar. Game da fargabarka ta alamar ɗan koyo, ka sani cewa fim ɗin ƙasar Latbiya da ya ci kyautar Oscar ta dogon katun a 2025, da Blender aka yi shi.

In kana son manhajar haɗawa ta sosai, DaVinci Resolve ta kamfanin Blackmagic Design na Ostareliya tana da nau'in kyauta wanda ba ya liƙa tambari a kan aikin yau da kullum, yana fitar da hoto har girman ɗigo 3840 a faɗi da 2160 a tsayi, da sashen sauti da na haɗa hoto a kan hoto duk a ciki. Matsalarta nauyi: tana son kwamfuta mai ƙarfin katin sarrafa hoto, in babu sai ta riƙa tsayawa har ka gaji. In kwamfutarka matsakaiciya ce, Kdenlive ko Shotcut sun fi dacewa da kai, dukansu suna karɓar jerin hotuna kuma ba su da nauyi haka. Wajen zanen kansa, wanda ba shi ka tambaya ba amma ba ya rabuwa da tambayarka, akwai Krita, akwai kuma OpenToonz da aka sake kyauta a 2016, wadda asalinta manhajar da kamfanin katun Studio Ghibli na Japan ya daɗe yana aiki da ita ce.

Ba na raina na biya. Premiere Pro da After Effects na Adobe kayan aiki ne nagartattu, suna magana da juna ba tare da ka fitar da komai a tsakani ba, kuma After Effects tana da ƙarfi wajen motsa rubutu da siffofi. Amma tun 2013 kamfanin ya daina sayar da sababbin fitowarsu gaba ɗaya, sai dai haya. Haya tana da ma'ana ga wanda aikin yake biyansa kowane wata. Mai yi don sha'awa kuwa yakan yi mako biyu yana zane ba dare ba rana, sannan hidimar rayuwa ta janye shi wata uku, kuɗin kuma suna fita ko ya buɗe manhajar ko bai buɗe ba. Abin da ya fi damuna shi ne ranar da ka daina biya, ba za ka iya komawa cikin fayil ɗin aikinka ka gyara shi ba, alhali katun na mutum ɗaya yakan ɗauki shekara ko fiye. In har za ka shiga, ka karanta sharaɗin fita da kyau, domin tsarin shekara da ake biya wata-wata yakan zo da tara ga wanda ya janye kafin wa'adi. Akwai kuma hanya ta uku, wato saye sau ɗaya, kamar DaVinci Resolve Studio, ko Final Cut Pro ga mai kwamfutar Mac, kuma ita na fi so wa wanda ya tabbatar ta kyauta ta yi masa kaɗan.

Lokacin da zan ce maka ka biya shi ne in wani ya ba ka aiki ya ce sai ka miƙa masa fayil ɗin wata manhaja takamaimai, ko ka shiga cikin masu aiki tare da suka riga suka tsaya a kan guda, ko kuma ka iya faɗa mini da bakinka abin da kake son yi wanda taka ta kasa, bayan ka bincika ka tabbatar gazawarta ce, ba rashin saninka ba.

Ka yi hattara da kalmar kyauta, domin ba kowace ba ce irin waɗanda na lissafa. Akwai masu barin ka ka gama aiki sannan su liƙa tambarinsu a kai ko su rage ingancin hoton har sai ka biya. Ka guji kuma manhajar biya da aka fasa aka raba a intanet, domin haƙƙin wasu ne, kuma sau da yawa tana zuwa da cutar da za ta cinye maka zanen wata shida. Kowace za ka ɗauka, ka sauke ta daga shafin masu ita.

Ga abin da nake so ka yi a wannan makon. Ka zana daƙiƙa goma, zane 120 ke nan in kowanne ya tsaya firam biyu, ka fitar da su jerin PNG ba tare da bango ba, ka zana bangon daban, ka ɗauki murya gajeriya. Ka haɗa su a Kdenlive, ka sake haɗa su a DaVinci Resolve in kwamfutarka ta ɗauka, ka lura da wadda ta bar ka ka daidaita motsin baki da murya ba tare da ta tsaya ba. Ka ajiye hotunan da muryoyin a jakunkuna masu suna da lamba, da kwafi na biyu a wata ma'ajiya daban, domin su ne ainihin dukiyarka, kuma da su za ka iya ƙaura zuwa kowace manhaja daga baya. In ka gama, ka kawo mini duka biyun mu kalla tare firam bayan firam.