Labarin matuƙin jirgin Arras: ya faru da gaske, amma a New York aka rubuta shi

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Kin tambaya ko *Pilote de guerre* na Antoine de Saint-Exupéry ƙagaggen labari ne ko tarihin rayuwarsa, kuma me ya sa ƙarshensa ya koma dogon nazari har kika gaji. Na daɗe ina karanta littafin nan da ɗalibai a ajin Faransanci a nan Nijar, kuma da wuya shekara ta wuce ba a kawo mini wannan ƙorafin ba. Tambayoyin naki biyu amsarsu ɗaya ce, sai kin san inda ya zauna ya rubuta shi da kuma mutanen da yake yi wa magana.

Abin da ke ciki dai ya faru. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939, Saint-Exupéry, wanda matuƙin jirgin sama ne Bafaranshe, yana da shekara 39, jikinsa cike da tsoffin raunukan haɗarin jirgi. Likitocin soja suka ce bai dace da fagen daga ba, aka tura shi Toulouse ya riƙa koyarwa. Ya yi ta kamun ƙafa har aka mayar da shi rundunar leƙen asiri ta sama mai lamba 2/33, wadda ke zaune a ƙauyen Orconte. Aikinsu su ratsa ta kan abokan gaba, su ɗauko hoto, su gano inda tankoki suka nufa. Jamus ta afko ranar 10 ga Mayu 1940, kuma shi da kansa ya rubuta cewa cikin mako uku rundunar ta rasa tawaga 17 daga cikin 23. Ranar 23 ga Mayu ya tashi da jirgi ƙirar Bloch 174 zuwa garin Arras, ya dawo da jirgin harbi ya huda shi. Kwamanda Alias, da Dutertre mai duba ƙasa, da Hochedé, da Israël, duk sunayensu ne na gaskiya. Abin da ya yi na marubuci shi ne ya tattara abin da ya gani a tafiye-tafiye da yawa ya zuba su cikin tafiya ɗaya.

Ki sake duba wurin da sanyi ya daskarar da linzamin jirgin a can sama, yana taka shi da iya ƙarfinsa har numfashinsa na neman ɗaukewa, yana matsa robar iskar shaƙa da yatsu don ya ji ko tana aiki. Wanda bai zauna a kujerar ba ba zai rubuta wannan ba. Sai kuma hanyoyin da ke ƙarƙashinsa, maƙil da masu gudun hijira: amalanke, tsofaffin motoci da katifu a ɗaure a sama, tsofaffi da jarirai, ba wanda ya san inda za shi. Ɗalibaina da suka fito daga yankin Diffa ba sa buƙatar in yi musu bayanin waɗannan shafukan, su ne ma suke yi wa sauran bayani. Abin da ya fi ci masa rai kuwa, ya san rahoton da ake sayar da rai don a kawo shi ba zai amfani kowa ba, domin wayoyi sun katse, hedikwata kullum tana ƙaura.

To bayan Faransa ta sa hannu kan tsagaita wuta a Yunin 1940, ya bi ta Lisbon ya isa New York a ranar ƙarshe ta shekarar. Can ya tarar Amurkawa da yawa suna ganin Faransawa ba su yi yaƙi ba, gudu kawai suka yi, ita kuma Amurka ba ta da niyyar shiga. Faransawan da ke gudun hijira a birnin sun rabu, masu bin Janar de Gaulle da ya ci gaba da yaƙar Jamus, da masu bin gwamnatin Vichy da ta haɗa kai da Jamus, shi kuwa ya ƙi shiga kowane ɓangare. A wannan hali ya rubuta littafin cikin 1941, wani sashe ma a California yana jinyar tiyata. Cikin dare yake aiki, ya yi ta gogewa yana sakewa, wani lokaci ya buga wa abokai waya tsakar dare ya karanta musu. Bai iya Turanci ba kuma bai damu ya koya ba, Lewis Galantière ne ya fassara, aka fitar da shi a Fabrairun 1942 da sunan *Flight to Arras*, wata biyu bayan harin Japan a Pearl Harbor, wanda ya jawo Amurka cikin yaƙin. Ya yi kasuwa ƙwarai.

Shi ya sa babukan ƙarshe suka fito haka. Mutum ne da ke kare mamatansa a gaban baƙi, yana neman ya nuna musu cewa waɗanda suka tashi alhali sun san an riga an ci su da yaƙi ba a banza suka mutu ba. Na yarda labarin ya yi sanyi a wurin, kuma Faransancin ya yi nauyi ga mai koyo. Amma ban taɓa barin ɗalibi ya tsallake su ba, don a nan ne ya ce ba zai taɓa juya wa mutanensa baya ba ko me suka aikata. Wannan matsayi nasa bai yi wa mabiya de Gaulle daɗi ba, har suka hana littafin yawo a Aljeriya.

A Faransa kuwa kamfanin Gallimard ya buga shi ƙarshen 1942, bayan masu tace littattafai na Jamus sun cire 'yar jimla ɗaya da ta taɓa Hitler. Ba a jima ba jaridun masu goyon bayan mamayar Jamus suka yi ca a kansa saboda ya yabi jarumtar Jean Israël, wanda Bayahude ne, aka haramta littafin, sai bugun ɓoye a Lyon da Lille.

In za ki yi rubutu a kansa, ki kira shi labarin rayuwa da aka yi wa tsarin adabi, ki kuma raba shekarun biyu a fili: 1940 da abin ya faru, 1941 da aka rubuta. Ki fara karanta babin Arras sau biyu kafin ki koma na ƙarshe, za su fi zo miki da sauƙi. Allah ya ba da sa'a.