Amsa ga 'yar'uwar da za a sauya wa gwiwa kuma tana da lupus

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da jiki, Allah Ya ƙara sauƙi. Na ga tambayarki: an ce za a sa miki gwiwar ƙarfe, kina shan prednisolone da hydroxychloroquine da azathioprine, kuma wata maƙwabciyarki ta ce ki ajiye su duka kafin aikin don ciwon ya yi saurin warkewa. Ni ma lupus gare ni, wato cutar da garkuwar jiki ke juyowa tana yaƙar jikin mutum, kuma an yi mini wannan aikin a gwiwar dama a nan Kano, shi ya sa na kasa wucewa ban ce komai ba.

Don Allah kada ki ajiye ko ƙwaya ɗaya da ra'ayin kanki. Prednisolone musamman. Wanda ya daɗe yana shan sa, jikinsa ya rage samar da nasa sinadarin, in aka yanke shi farat ɗaya jini na iya faɗuwa, mutum ya galabaita, kuma a ɗakin tiyata wannan ba abin wasa ba ne. Abin da likitoci suke so shi ne cutar ta kwanta sosai har a iya rage adadin da kike sha a hankali, domin haɗarin ƙwayoyin cuta su shiga ciwo yana ƙaruwa idan ana shan miligiram 15 zuwa 20 ko fiye a rana. Rage shi aikin likitan lupus ɗinki ne, kuma yana ɗaukar makonni. Ranar aikin ma ana shan na ranar.

Sauran magungunan akwai tsarinsu a rubuce. Ƙungiyar likitocin ciwon gaɓoɓi ta Amurka tare da ta masu aikin gwiwa da ƙugu sun fitar da ƙa'ida a 2017, suka sabunta ta a 2022. A ciki, hydroxychloroquine da methotrexate ba a tsayar da su. Azathioprine da mycophenolate kuwa ya danganta da irin lupus ɗinki: in ya taɓa ƙoda ko wata gaɓa mai muhimmanci, ana ci gaba da sha, domin tashin cutar ya fi haɗari, in mai sauƙi ne, akan ajiye su mako guda kafin aiki, a koma bayan an ga ciwon yana haɗewa lafiya. Kin ga ke nan amsarki tana cikin fayil ɗinki, maƙwabciya ba ta san abin da ke ciki ba.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne wannan. Mu a nan sau da yawa likitan lupus yana wani asibiti, likitan ƙashi yana wani. Wata tana ganin nata a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, aikin kuma a Asibitin Ƙashi na Dala ko wani na kuɗi za a yi. Fayil ba ya tashi da kansa ya bi ki. Ke ce za ki haɗa su. Ki roƙi likitan lupus ya rubuta takarda da hannunsa: wane magani za a ci gaba da shi, wanne za a tsayar, wace rana, yaushe za a koma. Ki yi hotonta a waya, ki ba likitan ƙashi ɗaya, ki ba mai allurar kashe zafi ɗaya, ki bar ɗaya a jakar wadda za ta yi jinyarki. Tawa a cikin leda na sa ta na maƙale a gefen gado, kuma da dare ɗaya da aka zo raba magani babu prednisolone a ciki, ita yayata ta miƙa aka gyara nan take.

Sai maganar jini. Ki tambaya kai tsaye ko an taɓa yi miki gwajin antiphospholipid. Wasu masu lupus suna da wannan sinadarin da ke sa jini saurin daskarewa, aikin gwiwa kuma dama yana cikin ayyukan da suka fi jawo gudan jini a ƙafa. In kin taɓa yin ɓari a jere, ko ƙafa ta taɓa kumbura miki gefe guda, ki faɗa ko ba a tambaye ki ba. Na san mu mata muna jin nauyin irin wannan zancen, amma nan ba wurin kunya ba ne. Mai shan warfarin, maganin tsinka jini, akan tsayar mata da shi kamar kwana biyar kafin aiki a maye gurbinsa da allurar heparin. Bayan aiki kuma za a ba ki maganin tsinka jini na wasu makonni, ki cinye shi duka. Za a duba ƙoda da fitsari da yawan jini da sukari. In jininki ya yi ƙasa a gyara tun yanzu, kuma ki shirya 'yan'uwan da za su ba da jini kafin ranar, kada a tsaya neman su kina kwance.

Haƙori mai ciwo, ƙurji, kaikayin tsakanin yatsun ƙafa, zafin fitsari, duk a magance su kafin a ba ki rana, don ƙwayar cuta in ta samu ƙarfen nan fitar da ita wuya gare ta. In an yi miki allura cikin gwiwar kwanan nan ki faɗa, yawanci ana son a samu tazarar wata uku. Jiƙe-jiƙe da garin magani da 'yan dubiya za su kawo, ki karɓa ki gode ki ajiye. Diclofenac da ibuprofen na kemis ma haka, suna wahalar da ƙodar mai lupus.

Gida kuma, wannan ne likita ba zai zo ya gani ba. In banɗakinku na tsuguno ne, ki nemi kujerar bayan gida mai tsayi tun yanzu, kafinta ma zai iya yi miki. Katifar ƙasa ba za ta yiwu ba a watannin farko, sai gado. A naɗe darduma da ledar tsakar ɗaki da za su iya harɗe ki, a sa fitila mai caji kusa saboda ɗauke wuta da dare. In a bene kike, ki sauko ƙasa. Sallah a kujera za ki yi, kuma addini ya ba ki wannan sauƙin; da yawa cikinmu ko bayan warkewa durƙuso a kan gwiwar yana yi musu wuya, gara ki sani tun yanzu don kada ranki ya ɓaci. Ranar sallama a nemo mota, adaidaita sahu da ramukan hanya ba na sabuwar gwiwa ba ne.

Ki fara ganin masu gashin ƙashi na asibiti (physiotherapy) kafin aiki, su koya miki matse naman cinya da ɗaga ƙafa a miƙe kina kwance. Washegarin aiki za a tsayar da ke da ƙarfen dogarawa, akwai zafi, ba zan ɓoye miki ba. Ki sha maganin zafin kafin lokacin motsa ƙafar. Kada ki yarda a cusa miki matashi ƙarƙashin gwiwa don jin daɗi, sai ta ƙi miƙewa daga baya. Mu masu lupus gajiyarmu daban ce, fatarmu ma ba ta saurin haɗewa saboda prednisolone, don haka in an jinkirta cire miki zare ya wuce mako biyu, ko ta gadon kusa da ke ta riga ki takawa, kada ki karaya.

Bayan kin koma gida, zazzaɓi kada a ce maleriya ce a wuce kemis. Magungunanmu suna ɓoye alamun ciwo, ɗan ɗumin jiki ma abin dubawa ne. Ciwon ya yi ja, yana zubar da ruwa, sharaɓa ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya yi wuya da ciwon ƙirji, a tafi asibiti a lokacin ko tsakar dare ne. Ki karɓi lambar da za ki kira tun kafin a sallame ki.

Ki gaya mana ko lupus ɗinki ya taɓa ƙoda da kuma adadin prednisolone da kike sha yanzu, sai in taya ki tsara tambayoyin da za ki kai wa likita. Allah Ya sa a yi a sa'a, Ya tashi kafaɗunki.