Da gaske ne an warkar da ɓeraye daga SIDA?

Tambaya: Assalamu alaikum, likita. Ni malamin makaranta ne a Tawa. An turo mini saƙo a WhatsApp wai masana a Amurka sun warkar da ɓeraye daga SIDA. Ƙanena yana shan ARV, maganin danne ƙwayar SIDA, tun da ya ji labarin nan yake cewa waraka ta zo, har ya fara wasa da maganinsa. Ashe ɓera ma yana kamuwa? In haka ne, na cikin rumbunmu fa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara wa ƙanenka lafiya. Ka kwantar da hankalinka game da ɓeran rumbu. Yana da cututtukan da yake yaɗawa, amma HIV, ƙwayar da ke jawo SIDA, ba ta cikinsu. Ƙwayar tana shiga garkuwar jikin mutum ne ta ƙofofi biyu, CD4 da CCR5, mabuɗinta kuwa ba ya buɗe irin na ɓera. An taɓa sanya wa ɓeraye ƙofofin mutum, ƙwayar ta shiga amma ta kasa hayayyafa, don akwai wasu sinadarai na jikinmu da take dogaro da su, na ɓera kuma ba su yi mata aiki.

Ɓerayen da ka ji labarinsu ƙera su aka yi a ɗakin bincike. An zaɓi ɓera ne don arha da saurin haihuwa, cikinsa mako 3 ne kawai, biri kuwa tsada gare shi.

Hanya ta farko ta ƙera ɓeran binciken HIV ita ce a dasa wani yanki na ƙwayoyin halittar HIV cikin ƙwan ɓera, a haife shi da su. Wanda ya fi shahara shi ne Tg26, na 1991. An cire masa sassan da ƙwayar ke buƙata don ta hayayyafa, saboda haka ba ya harbin kowa, amma sai ƙodarsa ta riƙa lalacewa kamar yadda ake gani ga wasu masu SIDA. A lokacin ana gardama: ƙwayar ce da kanta ke cin ƙoda, ko rauni na sauran jiki ne? A 1997 aka yi musanya. Aka dasa ƙodar Tg26 cikin lafiyayyen ɓera, ta lalace. Aka dasa lafiyayyar ƙoda cikin Tg26, ta zauna ƙalau. Ashe ɓarnar daga cikin ƙodar take tasowa. Irin wannan gwaji ba mai yin sa ga ɗan Adam.

A ganina wannan ne ya fi shafar mu, ko da yake ba shi ake yaɗawa a waya ba. Ciwon ƙodar da HIV ke jawowa ya fi kama baƙar fata, kuma tun 2010 aka gano dalili: wasu nau'o'i biyu na ƙwayar gado mai suna APOL1, waɗanda suka fi yawa a Afirka ta Yamma. Suna kare mai su daga wani nau'in ciwon barci, amma wanda ya gaji biyu, daga uwa da uba, ƙodarsa na cikin haɗari in HIV ta same shi. Ɓera ba shi da APOL1 sam, ita ma sai da aka dasa masa ta mutum kafin a iya nazarinta.

Hanya ta biyu ita ce ta labarinka. A 1983 aka gano ɓeraye masu suna SCID, waɗanda ake haifa ba su da cikakkiyar garkuwar jiki, don haka ba su korar abin da aka dasa musu. A 1988 Joseph McCune na jami'ar Stanford ya dasa musu sassan garkuwar mutum, HIV kuma ta kama su. A 2005 cibiyar Jackson ta fitar da wani ɓeran mai suna NSG, wanda ya fi karɓar dashe. Ana zuba masa uwayen ƙwayoyin jini daga jinin cibiyar jariri, bayan kamar wata 3 sai a ga ƙwayoyin garkuwar mutum masu ƙofar CD4 cikin jininsa. In an harbe shi da HIV, yawansu ya faɗi. In an ba shi ARV, ƙwayar ta lafa. In an daina, ta dawo cikin ƴan makonni.

A 2019 masana na jami'ar Temple da ta Nebraska suka haɗa ARV mai daɗewa a jiki da fasahar CRISPR, wadda ke yanke ƙwayar daga inda ta ɓuya. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ɓerayen da suka samu duka biyun ba a sake ganin ƙwayar a jikinsu ba. Ka ga labarin ba ƙarya ba ne, an dai yanke masa wutsiya. Da aka gwada irin wannan fasaha ga mutane ƙalilan, sakamakon da aka bayyana a 2024 ya nuna ƙwayar ta dawo ga waɗanda suka tsayar da ARV. Ba abin mamaki ba ne. Ɓeran makonni kaɗan ya yi da ƙwayar, garkuwarsa ma ta aro ce, ba ta cika ba. Mutum kuwa shekaru ya yi da ita, ta samu maɓoya a hanji da kaluluwa da ƙwaƙwalwa.

Don Allah, Malam, ka zaunar da ƙanenka ka faɗa masa kada ya tsallake ko kwana ɗaya, don tsallake shi ke sa ƙwayar ta bijire wa magani. In ya je karɓar maganinsa na gaba, ya roƙi a auna yawan ƙwayar a jininsa, a duba furotin a fitsari da kireyatinin a jini, wanda ke nuna lafiyar ƙoda. Tenofobir, wanda ke cikin ƙwayar maganin ARV da akasari ake sha yanzu, shi ma yana bukatar a riƙa lura da ƙoda. In ya ga ƙafafunsa sun kumbura ko fitsarinsa yana kumfa, kada ya jira ranar da aka sa masa.