Gotu Kola: Yana Goge Nankarwa Kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Wata bakwai ke nan da haihuwata, nankarwa ta cika mini ciki da cinyoyi. Wata mai sayar da kayan mata a unguwarmu ta kawo mini wani man shafawa, an rubuta Cica da gotu kola a jikin kwalbar. Ta ce yana goge nankarwa tas, yana kuma ƙara hasken fata. Ni da na ga sunan na ɗauka da goro aka haɗa shi. Don Allah gaskiya ne? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanwata, barka da arziki, Allah Ya raya mana.

Babu abin da ya haɗa shi da goro. Ɗan tsiro ne mai yaɗo a ƙasa, mai ƙananan ganye zagayayyu, yana son bakin rafi da gefen gonakin shinkafa. Masana tsirrai suna kiransa Centella asiatica, kuma dangin karas ne. Sunan gotu kola daga Sirilanka ya fito, inda abinci ne na yau da kullum: a yanka ɗanyen ganyen siri-siri, a goga kwakwa a kai, a zuba albasa da barkono da lemon tsami, a ci da shinkafa, kusan yadda muke kwaɗon zogale.

Labarin shigarsa kantin magani kuwa a Madagaska ya fara. Can suna ce masa talapetraka, kuma sun daɗe suna sa shi a miki da gyambon kuturta. A shekarun 1940 masu bincike suka ware sinadarin da ake kira asiaticoside daga ganyen. Wani masani ɗan ƙasar, Albert Rakoto Ratsimamanga, yana cikin waɗanda suka yi aiki a kansa har aka samar da maganin rauni mai suna Madecassol. Har yau kaso mai yawa na ganyen da kamfanonin man shafawa ke amfani da shi daga Madagaska ake tsinto shi da hannu. Daga baya kamfanonin Koriya ta Kudu suka yayata shi da sunan Cica, shi ne ya iso har unguwarku.

Ni ina ganin mutuncin wannan ganye, domin yana da aikin da yake yi. Sinadaransa suna zaburar da fata ta ƙera kolajin, wato zaren da ke riƙe ta, kuma suna kwantar da ja da zafi. Ƙaramar ƙuna, ƙujewa, fatar da ta bushe ta tsage, fuskar da ƙuraje suka wahalar, nan ne wurinsa.

Nankarwa kuwa wani abu ne daban. Ba a saman fata take ba. Lokacin da ciki ya girma, zaren da ke can ƙasa ne ya miƙe har ya tsinke, layin da kike gani tabon wannan tsinkewar ne. Babu man da aka tabbatar yana goge ta, ko nawa ne kuɗinsa. An taɓa gwada wani man da aka haɗa da gotu kola a kan masu juna biyu, aka ga alamun yana rage fitowarta ga wasu, amma rigakafi ne wannan tun kafin ta fito, kuma da aka tattara gwaje-gwajen aka auna, hujjar ba ta yi ƙarfi ba. Taki tana da wata bakwai kacal, ƙanwata. Da kanta za ta riƙa dusashewa cikin shekara ɗaya zuwa biyu, ta kwanta, launinta ya matso kusa da na jikinki. Idan kina son shafa man don fatar ta yi laushi, ƙaiƙayi ya ragu, shafa abinki. Man kaɗanya ma zai yi miki wannan.

Maganar hasken fata ce ta tayar mini da hankali. Gotu kola ba ya sa mutum fari. In kika shafa mai mako biyu kika ga kin fara haske, to akwai abin da aka cusa a ciki ba a rubuta ba, galibi sinadaran bilicin irin su hydroquinone ko clobetasol. Shi clobetasol sirantar da fata yake yi, kuma shi ke kawo irin nankarwar nan mai faɗi da zurfi a hammata da damtse da cinya, wadda ta fi ta haihuwa muni nesa ba kusa ba. Na ga matan da suka sayi man goge nankarwa, man ya ninka musu ita. Duba lambar NAFDAC da jerin abin da ke ciki. In haɗin gida ne da aka ɗura a roba babu takarda, mayar mata da kayanta. In na kirki ne, ki fara gwada kaɗan a cikin hannu ki jira kwana biyu, don yana sa wa wasu ƙaiƙayi. Kada ki shafa a kan nono tunda kina shayarwa.

Tambaya: Hajiya, mahaifina ya haura saba'in, ya fara mantuwa, ƙafafunsa kuma suna kumbura da yamma. An ce in saya masa ƙwayoyin gotu kola. Me kika gani? Daga wani mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Malam, Allah Ya ba Baba lafiya, Ya saka maka da alheri. A maganin gargajiyar Indiya an daɗe ana sha don kaifin ƙwaƙwalwa, amma a 2017 da aka tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan mutane, ba a ga wani bambanci a fili ba tsakanin masu sha da waɗanda ba su sha ba. Wajen kumburin ƙafa ya fi samun shaida, amma ga wanda matsalarsa raunin jijiyoyin da ke mayar da jini sama ne kawai. Kumburin ƙafar dattijo yana iya zama zuciya, yana iya zama ƙoda ko hanta, kuma ƙwayar ganye ba za ta bambance maka ba.

Hantar ce ma ta sa nake ce maka dakata. A 2005 likitoci a Ajantina sun ba da rahoton mata uku da shawara ta kama bayan sun yi makonni suna shan gotu kola, suka samu sauƙi da suka daina. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, sai dai a ƙasashenmu mutane da yawa suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B ba su sani ba. Yana kuma sa gyangyaɗi, abin da ba a so ga tsohon da ke tashi alwala da asuba cikin duhu. Ka kai Baba asibiti a auna hawan jini da suga, a duba ƙoda da hanta, ka tafi da duk magungunan da yake sha a leda, har da na gargajiya, likita ya gani da idonsa.