Fatawa: Labarin jarumin da giya ta kayar, da tsoron ɗan da mahaifinsa ya sha

Tambaya:

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗalibi ne, shekarata 19. Ina karanta labaran zane na jaruman Amurka a waya. Kwanan nan na ci karo da na Iron Man, inda giya ta kama shi har ta kusa gamawa da shi, kuma an nuna ubansa ma mashayi ne. Abin ya taɓa ni, domin mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya daɗe yana sha kafin ya tuba, kuma na ji an ce kakana ma haka. Mahaifiyata ta gani, ta ce in goge, haramun ne. Shin haramun ne? Kuma Malam, abin nan yana cikin jinina? Sannan ina so in rubuta irin wannan labari da Hausa a kan gidanmu. Ya halatta?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya gafarta wa mahaifinka, ya karɓi tubarsa. Ɗana, malamai sun ce hukunci a kan abu reshe ne na saninsa, don haka sai da na sa aka nemo mini labarin kafin in yi magana.

Kamfanin Marvel ya fitar da shi a 1979, a fitowa ta 120 zuwa ta 128 ta mujallar Iron Man, da sunan da ke nufin aljanin cikin kwalba. Jarumin, Toni Stak, attajiri ne maƙerin makamai mai sulken ƙarfe. Maƙiyinsa ya sarrafa sulken daga nesa har ya kashe wani jakada a bainar jama'a. Ya rasa inda zai sa kansa sai kwalba. Cikin maye ya ci mutuncin amintaccen baran gidansa har mutumin ya ajiye aiki. Da ƙyar ya daina. Bayan 'yan shekaru marubuta suka mayar da shi ruwa: ya rasa kamfaninsa, ya kwana a titi, abokinsa ya karɓi sulken. Ban ga inda aka ƙawata giya ba. An nuna ta a matsayin abokiyar gabar da sulke bai tare ta ba.

A kan haka, karanta wannan labari ya halatta. Ambaton saɓo daban, aikata shi daban, kwaɗaitar da shi kuma daban. Bukhari da Muslim sun kawo labarin Sayyidina Hamza, Allah ya yarda da shi, kafin a haramta giya, yadda cikin maye ya farke raƙuman Sayyidina Ali, kuma da Annabi (SAW) ya zo masa sai ya ce, "Ashe ku ba bayin ubana ba ne?" Malamai sun karantar da wannan hadisi ƙarni bayan ƙarni domin a ga abin da giya ke yi wa hankalin mutum mai daraja. Kasancewar labarin ƙagagge ma ba ta mayar da shi ƙaryar da aka hana ba, tunda mai rubutu da mai karatu duk sun san ƙirƙira ce. Maƙamatul Hariri da muke karantawa a zaure ƙagaggun labarai ne, haka tatsuniyar Gizo. Batun zane kuwa, a mazhabar Malikiyya haramcin ya tsaya ne a kan surar mai rai wadda take da inuwa kuma gaɓɓanta suka cika, wato gunki. Zanen takarda bai wuce karhanci ba, ko da yake akwai malaman da suka tsananta. Ka sani wannan hukunci na wannan labari ne kaɗai. A cikin littattafan kamfanin akwai waɗanda ake kiran jarumi allan tsawa, akwai masu tsiraici. Waɗannan ka bar su.

Sai dai ka saurare ni a kan mahaifiyarka. Ita ba ta ga zane a wayarka ba, ta ga shekarun da ta kwashe tana jiran miji ya dawo gida cikin dare. Ka zauna da ita cikin ladabi ka gaya mata abin da labarin ya ƙunsa da abin da ya tayar maka a zuciya. Idan ta natsu, madalla. Idan ta dage, ka goge. Karatun halal ne kawai, faranta mata kuwa wajibi ne, kuma ba a ajiye wajibi saboda halal.

Yanzu tambayar da na san ita ce ta hana ka barci. Ba zan yi maka zaƙin baki ba: likitoci sun tabbatar cewa saurin kamuwa da jarabar giya yana bin gida, kuma suna ƙiyasta kusan rabin haɗarin daga gado yake, sauran daga tarbiyya, abokai da halin rayuwa. To amma abin da ake gada rauni ne, kamar yadda ake gadon saurin fushi ko hawan jini. Zunubi ba ya cikin jini. Allah ya ce, "Wani rai mai ɗaukar nauyi ba ya ɗaukar nauyin wani," kuma ya maimaita wannan magana a surori da dama, daga An'am har Najmi. Idan an ce maka barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ka tuna bakin da ya faɗi haka shi ne ya ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Ikirima ɗan Abu Jahal ne, ya mutu sahabi. Ɗan Annabi Nuhu kuwa ruwa ya tafi da shi. Ko a labarin da kake karantawa, a 2013 marubuta sun bayyana cewa Toni Stak ɗan riƙo ne, mashayin nan ba shi ya haife shi ba. Kwalbar da ya gani a hannun mai riƙonsa ce ta bi shi.

Raunin da ba a taɓa shi ba yana nan kwance. Wanda bai kurɓa ba, ba ya zama mashayi ko da kakanninsa bakwai sun sha. Nan ne shari'a ta yi maka gata: "Abin da mai yawansa ke sa maye, kaɗan ɗinsa haramun ne," in ji Annabi (SAW). Da Ɗariƙu ɗan Suwaidu ya ce yana haɗa giya ne don magani, sai Annabi (SAW) ya amsa masa, "Ita ba magani ba ce, cuta ce." Kai da ka san tarihin gidanku, nisantar majalisar mashaya ya fi ƙarfi a kanka fiye da wani. Kuma kada ka tsaya a kwalbar giya, domin hadisin Muslim ya ce duk mai sa maye giya ne. Kodin ɗin da gwamnatin Najeriya ta hana haɗa maganin tari da shi a 2018, da tramol, da wiwi, duk ƙofa ɗaya ce, kuma ita ce ta fi kusa da saurayi mai shekarunka. In ka taɓa jin zuciyarka na janka, ka gaya wa wani babba da ka amince da shi, ka ga likita. Babu kunya a cikin wannan.

Game da mahaifinka, ka riƙe hadisin Bukhari na wani sahabi da ake kawowa ana yi masa haddi a kan giya sau da yawa. Wani ya tsine masa, Annabi (SAW) ya ce kada a tsine masa, domin yana son Allah da Manzonsa. Wannan wanda yake cikin faɗuwa da tashi ke nan, balle wanda ya tuba ya cika a kan tuba. Ina roƙonka kada ka bar tunanin kwalba ya rufe maka sauran alherinsa.

Rubutun da kake niyya ina ƙarfafa maka gwiwa a kansa, domin matasanmu suna buƙatar labarin da zai nuna musu maye a tsirararsa. Sharaɗi ɗaya ne mai nauyi: kada ka tona asirin mahaifinka. Annabi (SAW) ya ce, "Kada ku zagi matattu, domin sun isa ga abin da suka gabatar." Abin da Allah ya rufa, ɗa ba shi da haƙƙin buɗe shi, kuma asirin ba naka kaɗai ba ne, na mahaifiyarka da ƙannenka ne. Ka sauya suna, gari, sana'a da duk alamar da ɗan unguwarku zai gane. Kada ka siffanta daɗin sha ko yadda ake haɗa kayan maye. Kafin ka fitar, ka ba wani malami ko dattijo na kusa ya duba, sannan ka yi wa mahaifinka sadaka da wani abu daga abin da rubutun ya kawo maka.

Wallahu a'alam.