Shayi Ya Zube a Kan Kwamfutata, Ina Amfanin Garanti?

Tambaya: Assalamu alaikum. Wata 7 ke nan da na sayi sabuwar kwamfutar tafi-da-gidanka mai garantin shekara guda. Ranar Juma'a ƙanena ya ture kofin shayi a kan madannanta, na goge, ta ci gaba da aiki har dare, amma washegari ta ƙi tashi. Da na mayar da ita inda na saya, sai suka buɗe suka ce ruwa ya shiga, don haka babu ruwan garanti, dole in biya kuɗin gyara. Shin ba zaluntata suka yi ba? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya mayar da alheri. Idan har shayin ne ya kashe ta, to ba su zalunce ki ba. Garantin da ke zuwa da sabuwar kwamfuta alkawari ne na gyara aibin da ya taho da ita daga masana'anta, kamar fankar da ta tsaya ko allon da ya mutu ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Kamfanoni irin su Apple da HP da Dell da Lenovo duk sun ware ɓarnar ruwa da faɗuwa daga cikin wannan alkawari, ko da kuwa kwana ɗaya kwamfutar ta yi a hannun mai ita.

Ɓoye zancen ba ya fisshe mutum. A cikin kwamfutocin MacBook na kamfanin Apple akwai 'yan tambura farare da suke komawa ja da zarar ruwa ya taɓa su. Ko babu su, shayi mai madara da sukari yakan bar danƙo a ƙarƙashin madannai, kuma bayan 'yan kwanaki wani tsatsa mai kore-kore yakan fito a kan babban allon ciki, wanda masu gyara ke kira bod. Abin da ya fi yi wa taki lahani shi ne barinta a kunne har dare, domin haɗuwar wuta da laima ce ke cinye siraran hanyoyin da ke kan bod ɗin. Da an kashe ta nan take, an zare caja, an kifa ta, an kai wa mai gyara ya cire batir ya wanke wurin da sinadarin barasa na goge na'urori, da wataƙila ta tsira. Binne ta cikin shinkafa, da mutane ke yawan ba da shawara, ɓata lokaci ne kawai, don shinkafa ba ta wanke sukari.

Abin da ke ɗaukar irin wannan haɗari wani tsari ne daban mai kama da inshora, wanda ake saye tare da kwamfutar ko jim kaɗan bayan haka. Shi ma yana da sharuɗɗa: a Amurka, mai AppleCare+, wato irin wannan tsari na kamfanin Apple, yakan biya dala 299 kafin a gyara masa kwamfutarsa ta Mac da ruwa ya shiga. Ki duba rasidinki ko an haɗa miki irinsa, sannan ki tabbatar yana aiki a Najeriya, domin kwamfutar da aka shigo da ita daga Dubai ko Ingila takan zo da sharuɗɗan ƙasar da aka fara sayar da ita.

Duk da haka kina da haƙƙi. Ki nemi su nuna miki wurin da ya lalace da idonki, su ba ki bayanin a rubuce tare da farashi kafin su taɓa komai. Idan babu alamar ruwa kuma suka ƙi gyarawa, kina iya kai ƙorafi hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC. Idan kuma alamar tana nan, ki tambayi wani mai gyara ko za a iya gyaran bod ɗin maimakon a sauya shi gaba ɗaya, wanda yakan fi sauƙin kuɗi. Kafin komai, ki ce a fara ciro miki ma'ajiyar bayanan a kwashe aikinki na makaranta, kuma kada ki sake jona ta da caja don gwaji.